Ƙwayoyin da Ke Jakar Malama

Tun daga bakin ƙofa Auta ya san yau akwai magana, domin takalman babbar yayarsa, Yaya Babba, ya gani a ajiye, kuma Yaya Babba ba ta taka gidan mutum a ranar aiki sai da dalili. Ya kafe babur ɗinsa, ya sauke jakar kayan aiki. Gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa. A waje Injiniya ake ce masa, amma a cikin dangi har gobe shi Auta ne, ko da furfura za ta cika masa kai.

Ya same ta a falo ta hakimce a kujera, fuskar nan babu annuri.

"Yaya, ina wuni? Yau ke ce a gidan namu?"

"Ni ce. Zauna."

"Ina Malama?"

"Tana inda ta saba."

Ya gane nufinta. Ya leƙa ɗaki, ya hangi matarsa a ƙasa kan kafet, ta naɗe kamar jaririya, ta danna robar ruwan zafi a mararta, gumi ya jiƙa mata wuya. Malamar firamare ce, shi ya sa kowa ke kiranta Malama. Mace ce mai tsokana da dariya, amma duk wata idan al'adarta ta zo sai ta koma haka, ko kofi ba ta iya ɗagawa. Ta ɗago ido da ƙyar ta ce, "Sannu da zuwa, Injiniya." Ya ce mata sannu, ya ja ƙofar.

Yaya Babba ta yafito shi da hannu, ta rage murya.

"Zuwa na yi in duba ta, ta ce in ɗauko mata maganin ciwo a jakarta. Dubi abin da hannuna ya ci karo da shi a aljihun ciki, an naɗe shi a hankici."

Ta miƙa masa wani ɗan kati mai ƙananan ƙwayoyi a jere, an zana kibiya daga wannan zuwa waccan. An ɓalle kusan rabi.

"Mene ne wannan?"

"Kai yaro ne. Ni da na haifi biyar na san shi ko a duhu. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ce."

Auta ya ƙura wa katin ido. Shekararsu uku da aure, ko ɓatan wata Malama ba ta taɓa yi ba. Shi ne mai lallashinta idan ta dawo daga barkar haihuwar wata ta yi shiru. Shi ne mai tare mata faɗa idan Umma, mahaifiyarsa, ta fara zancen jika.

"Bari in tambaye ta," ya ce, ya yunƙura.

Yaya ta riƙe masa riga. "Ka tambaye ta ta ce maka me? Mai iya kwanciya tana birgima duk wata don a tausaya mata, ƙarya ce za ta gagare ta? Mayar da shi inda yake. Ka sa ido kawai, ka gani da kanka."

Ya mayar. Kuma daga wannan rana ya fara sa ido.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, duk inda ya juya tunaninsa sai ya ga maganar Yaya ta zauna daram. Ya tuna farkon haɗuwarsu, ranar da ya je gyaran firij ɗin ofishin hedimasta, ta tsaya a kansa tana cewa, "Injiniya, in ka gama da wannan akwai ƙwaƙwalwar 'yan ajina, su ma sun daina ɗauka." Ya yi dariya har sukundireba ta faɗi daga hannunsa. Bai taɓa shakkar tana sonsa ba. Amma tun satin farko na aurensu ya lura tana ɗari-ɗari da shimfiɗarsa. In ya matso, jikinta ya ɗaure. Wani lokaci ta juya baya tana share hawaye, ta ce zafi take ji can ciki. Da ya ɗauka kunya ce, daga baya ya ɗauka za ta saba. Yanzu kuwa wata murya ce ke raɗa masa: wadda ba ta son ka kusance ta, kuma ba ta son ta haifa maka, me ya rage?

Ya tuna kuma lokacin da suka je wurin mai kemis ɗin bakin titi, ya ce ciwon sanyi ne, ya haɗa musu allurai da ƙwayoyi su biyun. Suka shanye, ciwo bai ko gezau ba. A lokacin Umma ta taɓe baki ta ce, "To shi sanyin daga ina ya shigo gidan? Ni dai na san ɗana." Ya yi kamar bai ji ba. Yanzu maganar ta dawo masa sabuwa fil.

Kullum da safe, idan ta shiga wanka, sai ya zuge jakar ya duba. Kullum ƙwaya ɗaya ta ragu. Ta fito tana masa murmushi, ta zuba masa shayi, shi kuma yana kallon hannunta yana tunanin da wannan hannun take ɓallewa. Ta lura ya canja.

"Injiniya, lafiya kuwa? Ko gas ɗinka ne ya ƙare, na ga ka daina sanyi?"

"Gajiya ce."

"Tun yaushe gajiya ta hana ka dariya?"

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. A shago ma hankalinsa ba ya jikinsa. Ya ɗaura wa wata mata kwamfaresa a firij ɗinta, ya manta bai haɗa waya ɗaya ba, sai da ta kira shi tana faɗa namanta ya lalace.

Wata ranar Asabar da hantsi yana tsakar gida yana wanke babur, wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta tashi da sauri ta shige kicin. Ya ajiye soson, ya matsa jikin taga.

"E, Likita... Da sauƙi sosai wannan watan... To, ranar Laraba in sha Allah." Ta yi shiru tana saurare, sannan ta ƙara rage murya. "A'a, ban faɗa masa ba tukuna. Wallahi tsoro nake ji."

Auta ya koma wurin babur ɗinsa, ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge. Wane likita ne wannan da yake kiran matar aure ranar hutu? Kuma mene ne shi ya sani, mijinta bai sani ba? Da yamma ya tafi gidan Umma ya zazzage mata komai, har da abin da bai yi niyyar faɗa ba.

Washegari Umma ta aika su zo su biyun. Suka same ta a falonta da carbi a hannu, Yaya Babba a gefe. Malama ta durƙusa ta gaishe su. Umma ta amsa a taƙaice.

"Miƙo jakarki."

Malama ta kalli mijinta. Ya kawar da kai. Ta miƙa. Yaya ta zuge, ta fito da katin, ta ajiye a kan tebur.

"Yarinya," in ji Umma, "tun da kika shigo gidan nan na taɓa zaginki?"

"A'a, Umma."

"Na taɓa hana ki aikinki?"

"A'a."

"To me muka yi miki da za ki riƙa kallon idona ina roƙon Allah ya nuna min jika daga autana, ke kuma kina komawa ɗaki kina toshe hanya?"

Hawaye suka zubo wa Malama. "Umma, wallahi ba don haka nake sha ba. A asibiti aka ba ni, saboda ciwon marar nan. An ce..."

Yaya ta katse ta da wata 'yar dariya. "Ji wani zance. Wane likita ne zai ba mai neman haihuwa maganin hana haihuwa? Ko mu da ba mu yi boko mai zurfi ba ai ba a yi mana wannan. Ciwon mara kuma wace mace ce ba ta yi? Mu muna yi muna daka, muna wanki. Ke dai faɗi gaskiya. Ko dai akwai abin da kika zubar tun kina gida, shi ne ya ɓata miki ciki?"

Malama ta ɗago kamar an watsa mata ruwan zafi. Ba Yaya ta kalla ba, mijinta ta kalla.

"Injiniya, kana ji?"

Nan ne wurin da ya kamata ya yi magana. Ya buɗe baki, sai abin da ya fito shi ne, "Wane ne likitan da ya kira ki jiya?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta share fuskarta da gefen mayafi, ta tashi.

"Ashe laɓe kake yi min. Umma, ki yi haƙuri, zan je gidanmu in huta."

Ba wanda ya tsayar da ita. Bayan fitarta Umma ta ce, "Ka gani ko? Mai gaskiya ba ta gudu. Ka yi tunani, Auta. In zama ba zai yiwu ba, a rabu lafiya."

Ya koma gida shi kaɗai. Gidan ya yi masa faɗi. Ga littattafan 'yan ajinta a kan tebur ba ta gama makin ba, ga robar ruwan zafin nan a rataye bayan ƙofa, bakinta duk ya ƙoƙe saboda yawan amfani. Ya tsaya yana kallonta. Mai ƙarya za ta ƙona fatar cikinta da ruwan zafi duk wata? Ya san tabon, ya sha gani. Amma da tausayi ya taso, sai muryar nan ta kicin ta danne shi: ban faɗa masa ba tukuna.

Ya yanke shawara ba zai saki matarsa a kan zato ba, kuma ba zai zauna a kan zato ba. Zai ga likitan nan da idonsa.

Ranar Laraba da safe ya laɓe da babur a kwanar layin gidan iyayenta. Ta fito a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ta tari mota. Ya bi su daga nesa, yana jin kunyar kansa amma bai juya ba. Motar ta tsaya a ƙofar babban asibiti. Ta shiga, ya bi ta ta wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa, har sashen mata. Benci cike da mata, wasu da ciki, wasu babu. Ta zauna a ƙarshe, ta sunkuyar da kai a kan gwiwa.

Yana tsaye bayan ginshiƙi wata nas ta gan shi.

"Malam, nan ɓangaren mata ne. Wa kake nema?"

Malama ta ɗago, suka haɗa ido. Ba ta yi mamaki ba, kuma wannan ya fi masa ciwo.

"Mijina ne," ta ce wa nas ɗin. Ta juyo gare shi. "Tunda ka biyo ni, sai ka ƙarasa. Zo ka ga kwarton naka."

Da aka kira ta suka shiga tare. A bayan tebur wata dattijuwa ce mai gilashi, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ta dubi Auta ta saman gilashin.

"Au, yau an kawo mana maigidan? Sannu da zuwa. Na daɗe ina cewa ta zo da kai."

Auta ya zauna, ya gane ashe likitan da yake zargi mace ce. Amma tunda ya zo, ya ƙudurta sai ya amayar da abin da ke cikinsa.

"Likita, ki gafarce ni. Ke kika ba ta ƙwayar hana ɗaukar ciki?"

"Ni na ba ta."

"Alhali muna neman haihuwa?"

"Tambaya mai kyau. Bari in fara daga farko." Ta jawo wani zane na cikin mace ta ajiye a gabansa. "A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da take kauri duk wata. In ba a samu ciki ba sai ta zube, ita ce jinin al'ada. To a wasu matan, nama irin wannan yana tsirowa a wajen mahaifa: a kan ma'ajiyar ƙwan haihuwa, a bayan mahaifa, wani lokaci har jikin hanji ko mafitsara. Duk wata shi ma sai ya kumbura ya yi jini, amma ba shi da hanyar fita. Sai ya zauna a ciki, ya kawo kumburi, ya riƙa manna kayan ciki da juna. Sunansa endometriosis. Shi nake zargi a jikin matarka."

Auta ya tuna yadda ruwa ke taruwa a cikin bango idan bututun na'ura ya toshe. Daga waje fenti lafiya lau, a ciki bango na jiƙewa.

"Ba sanyi ba ne ke nan?"

"Ba sanyi ba ne. Ba a ɗaukarsa daga kowa, ba a shafa wa kowa."

Ya sake tambaya. "Kuma ba ya zuwa don... don mace ta taɓa zubar da ciki?"

Ya ji Malama ta ja numfashi a gefensa. Likita ta cire gilashinta.

"Ba ya zuwa don haka. Tun tana 'yar sakandare take wannan ciwon, har suma take yi a aji. Wanda ya faɗi wannan magana ya ɗauki alhakinta." Ta mayar da gilashin. "Shi ke sa ta jin zafi idan kun kusanci juna, shi ke sa ta kuka a banɗaki lokacin al'ada. Kuma mai yiwuwa shi ya jinkirta muku haihuwa. Ƙwayar da na ba ta tana kwantar da wannan naman ne, ta rage masa kumburi, don ta samu ta miƙe ta yi aikinta kafin mu shirya mataki na gaba. Ba ta kashe mahaifa. Ranar da aka daina, jiki yana komawa yadda yake."

"Mene ne mataki na gaba?"

"Hoton cikin da muka yi ya nuna ƙulli mai tsohon jini a gefen hagu. Amma hoto ba ya nuna komai. Ina so mu yi mata aiki da 'yar kyamara, ta ƙaramar ɓula kusa da cibiya. Mu gani da ido, mu tabbatar, mu cire abin da za a iya cirewa, mu raba abin da ya manne. Ba zan yi maka alkawarin haihuwa ba, wannan na Allah ne. Kuma ciwon yana iya dawowa, sai an riƙa bibiya. Amma da yawa suna samun sauƙi, wasu kuma suna samun ciki bayan aikin. Abin da ya tsayar da mu shi ne ta ce ba za ta yi ba sai da saninka, kuma ta kasa faɗa maka."

Suka fito suka zauna a wani benci ƙarƙashin bishiya a harabar asibitin. Ya daɗe yana murza makullin babur.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na faɗa maka ina ciwo tun satin farko. Ka ce haka mata suke."

Ya tuna ya faɗa.

"Kowa haka yake ce min," ta ci gaba. "Innata, ƙawayena, mai kemis. Har na fara zargin kaina ko raki ne da ni. Wannan matar ce ta fara zama ta saurare ni har na gama. Da ta ce haihuwa za ta iya yin wuya, sai na dawo gida na same ka kana wasa da ɗan maƙwabta, ka ɗora shi a wuya kana zagaye tsakar gida. Na kasa. Na ce gobe. Goben ta yi ta gudu." Ta share ido. "Na yi kuskure da na ɓoye, na sani. Amma kai, Injiniya, Yaya ta jefe ni da wannan magana a gabanka, kai kuma likita kake tambaya."

Hawayen da yake riƙewa suka zubo, bai damu da masu wucewa ba.

"Ki yafe min. Na riƙa duba jakarki kullum, amma ban taɓa zama na tambaye ki inda ke miki ciwo ba."

"Zan yafe," ta ce. "Amma ba yau zan koma ba. Ka fara gyara can."

Can ɗin kuwa bai gyaru da sauƙi ba. Da ya kai wa Umma bayani, har ya kai zancen aiki, sai ta dafe ƙirji.

"Aiki? To ai an zo wurin. Haɗa baki suka yi da likitar, a shiga a juya mata mahaifa ko a cire gaba ɗaya, a ce maka ciwo ne. Ban yarda ba."

"Ni ma abin da na gani ke nan," in ji Yaya Babba. "Ƙwaya ba ta isa ba, yanzu wuƙa za a sa."

Auta bai taɓa musu da mahaifiyarsa ba. Ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta.

"Umma, ban taɓa tsallake maganarki ba, kuma ba raini ne ya kawo ni ba. Amma na bi zato har ya kusa raba ni da matata, na je na tarar ba haka ba ne. Yarinyar nan ciwo take yi tun kafin ta san ni. Ko za ta haihu ko ba za ta haihu ba, ba zan bar ta tana birgima a ƙasa ba. Na amince a yi aikin. Abin da nake roƙo, ki zo asibitin ranar, ki tambayi likitar duk abin da ke ranki. In kin ga ha'inci, ni da kaina zan ce kin fi ni gaskiya."

Umma ta daɗe tana jan carbi. Daga ƙarshe ta ce, "Zan zo. Ba don na yarda ba, don in gani."

Ranar aikin suka zauna a baranda, Innar Malama a gefe guda, Umma da Yaya a ɗaya gefen, gaisuwa kawai ta haɗa su. Auta ya kasa zama, ya yi ta kai da komo har nas ta ce zai ƙarar musu da tayil. Da aka gama, Likita ta kira su ofis, ta juyo musu da allon kwamfuta.

"Ga mahaifarta nan, lafiyarta ƙalau, ba mu taɓa ta ba. Waɗannan baƙaƙen ɗigon da kuke gani, su ne ciwon. Nan kuma hanji ne ya manne da bayan mahaifa, mun raba su. Ga ƙullin da muka cire."

Umma ta matso da fuskarta dab da allon. Ta daɗe tana kallo.

"Duk wannan a cikin yarinyar nan yake?"

"Shekara da shekaru, Hajiya."

"Kuma da shi take zuwa ta yi min shara in na yi baƙi?"

Umma ta tashi ta nufi ɗakin da aka kwantar da Malama. Ta same ta ta farfaɗo, leɓenta a bushe. Ta zauna a bakin gadon, ta kama hannunta.

"'Yata, na zalunce ki. Ki yafe min tun ina da rai."

Malama ta gyaɗa kai tana hawaye. Yaya Babba ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa ta kasa tafiya. Daga bisani ta matso ta ce, "Maganar da na faɗa, na janye ta. Allah ya huci zuciyarki." Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "'Yar wajena ta biyu ma haka take yi duk wata, har makaranta take fashi. Ni kuma ina ce mata lalaci ne. Likitar nan tana ganin 'yan mata?"

"Tana gani, Yaya," in ji Malama. "Ki kawo ta da wuri."

Daga asibiti gidan mijinta ta koma. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Akwai watannin da ciwon ya leƙo, sai dai bai ƙara kai ta ƙasa ba, kuma duk ranar komawa asibiti Auta ne ke rufe shago ya kai ta, ya shiga ya zauna ya yi tambayoyinsa har Likita ta fara ce masa ɗalibinta. Ya koyi haƙuri da jikinta, ita kuma ta koyi faɗa masa gaskiyar abin da take ji ba tare da tsoro ba. Da Likita ta ga lokaci ya yi, ta ce a ajiye ƙwayar su gwada sa'arsu. Shekara ta zagayo shiru. Umma ba ta ƙara ta da zancen jika ba, in ma wata ta tayar a gabanta sai ta ce, "Lafiyar 'yata ta fi min."

A cikin shekara ta biyu ne wata safiya Malama ta ture kofin shayi ta ce warin madara na tayar mata da zuciya. Auta ya dube ta, ta dube shi, ba wanda ya yi ƙarfin halin furtawa sai da Likita ta tabbatar. Mace suka samu, mai kama da Umma har hanci.

Wannan shi ne abin da ya faru a gidan Injiniya da Malama. Ciwon da ido ba ya gani ba ƙarya ba ne, kuma macen da ta ce tana jin zafi tana buƙatar a saurare ta a kai ta asibiti, ba a sa mata ido ba. Zato ya kusa rushe gidan da so ya gina, ɓoye-ɓoye kuma ya ba zaton wurin zama. Abin da ya cece su shi ne ranar da miji ya daina laɓe ya shiga ya yi tambaya, matar kuma ta yi haƙuri har gaskiyarta ta fito.